Mai Ɓeraye da 'Yata da Ba Ta Jin Zafi

'Yan uwa, ku yi haƙuri da rubutuna na yau, da hannu ɗaya nake danna waya. Ɗayan hannun yana ƙarƙashin kan 'yata Jaruma, ta yi barci a cinyata, ƙafarta da aka naɗe da simintin asibiti tana kan matashi. Labari ne a bakina, tun jiya yake cina. Na faɗa wa maƙociyarmu, na faɗa wa mai kanti, har mai kawo mana ruwa sai da na tare shi na zazzage masa, bai ma gane komai ba ya ce Allah ya sanya alheri. Amma ku ba zan fara muku daga ƙarshe ba. Yadda na sha wuya kafin na kai wurin, ku ma sai kun ɗanɗana.

Sababbin shigowa, ni ce mai ɗan shagon wanki da guga a bayan jami'a. Baban Jaruma ɗan ƙanin babana ne, ya rasu a haɗarin mota tun tana ciki, shi ya sa na dawo gidan Mama. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Mama ce ta laƙaba mata Jaruma. Ranar da muka kai ta allurar rigakafi, ɗakin ya cika da ihun jarirai kamar za a tsaga rufi, tawa kuwa aka soka mata allura tana kallon ɗan kunnen nas ɗin. Tana kuka fa, kar ku ce ba ta yi. Ka ƙwace mata abu ko in fita ban ɗauke ta ba, sai unguwa ta sani. Amma faɗuwa, yanka, buguwa, ko a jikinta. Sai ta miƙe ta kaɗe riga ta ci gaba da gudu.

Mama takan ce, "Jinin Ƙarfe ne." Ƙarfe yayana ne, ya rasu yana saurayi. Shi ma haka yake, ƙusa ta huda masa ƙafa sai dai a ga jini a ƙasa. A gidanmu abin alfahari ne. Ni kaina duk wanda ya shigo shago ya tsaya hira sai na ba shi labarin 'yata mai juriya.

To, cikin masu kawo min wanki akwai wani dogo siriri mai tabarau, kullum takalminsa ɗaya. Fararen rigunan nan na ɗakin bincike yake kawowa a baƙar leda. Maganarsa ba ta wuce biyu: "Sannu da aiki," da "Yaushe zan dawo?" Wata rana na ce, Dakta a wane asibiti kake? Ya ce shi ba ya duba marasa lafiya, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa yake bincike, yadda ciwo yake zuwa da yadda za a kashe shi, kuma da ɓeraye ya fi aiki. Na kai wa Yaya labari, babbar yayata mace, ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ya zama Mai Ɓeraye.

Ranar da abin ya faru, yana tsaye a bakin tebur yana jiran in ninke masa riga ta ƙarshe. Na jingine dutsen guga a tsaye kamar kullum. Fanka tana juyawa, rediyo yana ta surutu. Sai na ji ƙauri. Na ɗauka bargon teburin ne. Ina juyowa na ga Jaruma ta taka bokiti ta hau, ta jingina damtsenta a jikin dutsen, tana kallon tabaran Dakta tana masa dariya.

Kafin in motsa ya riga ya fizge ta. Ya kai ta bakin famfo ya sakar mata ruwa, ya riƙe hannun a ciki ya ƙi saki. Fatar ta saɓule. Ita kuwa wasa take da ruwan da ɗayan hannun.

Bakina ya riga ya saba, na ce, "Ai haka take, ba ta kukan ciwo."

Ya ɗago ya kalle ni. "Tun yaushe?"

"Tun haihuwa."

Ya durƙusa ya ce ta buɗe baki. Ya ga kan harshenta da ta taune tun fitowar haƙora, ya duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗauki kwalbar turaren da nake fesa wa kaya, mai ƙarfin nan da ke sa ni atishawa, ya buɗe ya kai mata hanci. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

A nan na ga abin da ya hana ni sukuni daga baya. A idonsa akwai tausayi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma a bayan tausayin akwai wani abu kamar murna, irin ta wanda ya daɗe yana neman abu ya gan shi a bakin hanya.

Shi ya kai mu aka wanke ƙunar aka ɗaure. A ranar ya karɓi lambata.

Saƙonsa na farko: "Maman Jaruma, kullum kafin ta kwanta ki duba ta daga kai har tafin ƙafa. Baki, ido, tsakanin yatsu. Ke ce za ki riƙa jin ciwon a madadinta."

Na karanta na sake karantawa. Na ce wace irin magana ce wannan?

Ya kira ya yi min bayani, zan faɗa muku yadda na gane. Wai jijiyoyin jikinmu kamar wayar lantarki suke, suna kai saƙo ƙwaƙwalwa. A jikin jijiyar ciwo akwai wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, in wuta ta taɓa ka sai su buɗe, saƙo ya wuce, ka janye hannu. Wasu mutane 'yan kaɗan a duniya ana haihuwarsu ƙofar a rufe. Wutar tana cin su kamar kowa, labarin ne ba ya isa. Kuma wai hanci ma da irin ƙofar yake aiki, shi ya sa ya gwada ta da turare.

Na ce, "To ai daɗi ne, mutum ba ya jin ciwo."

Ya ce, "Ciwo mai gadi ne. Gidan Jaruma babu mai gadi."

Daga nan ya fara zuwa gida. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka ce kar ya taɓa komai, shayi ya huce a gabansa. Ya kawo wa Jaruma takalmi mai taushi, ya kawo robar da ake maƙala wa kusurwar tebur, ya kawo ma'aunin zafin jiki. Yaya ta ce, "Samarin mutane turare suke kawowa, naki ma'aunin zazzaɓi. Allah ya ƙara dankon ƙauna."

Ina dariya, amma ni na san halin da nake ciki. In wayata ta yi ƙara sai in yar da abin da ke hannuna in rarumo ta. Na fara sa kwalli don zuwa shago, ni da na manta inda na ajiye shi.

Sai ga saƙon nan wata safiya ina tsakar jiƙa kaya:

"Maman Jaruma, ni ban iya magana ba. Ina son in aure ki. In kin ƙi, zan ci gaba da kawo wanki."

Wallahi kaɗan ya rage wayar ta faɗa cikin ruwan sabulu.

Da yamma na sami Mama a ɗakinta tana ninke kaya a kan gado, Yaya tana zaune a ƙasa tana yanke farce. Na faɗa musu, kaina a ƙasa.

Mama ba ta daina ninkin ba. "Tun yaushe yake zuwa shagonki?"

"An daɗe."

"Ya taɓa ce miki ko kanzil?"

"A'a."

"Sai da ya ga yarinya ta ƙone ba ta yi kuka ba." Ta ajiye zanin hannunta. "'Yar nan, ba ke yake so ba. Ɓera ya samu mai ƙafa biyu."

Yaya ta ce, "Haba Mama. Ko don me yake so, ke dai ki karɓa. Mutum da aikinsa da motarsa. Maza nawa kika gani a layi a ƙofar mai ɗiya? In ya shigo don yarinyar, zama zai koya masa son uwar."

Kun ji. Ɗaya ta ce in ƙi, ɗaya ta ce in karɓa, amma bakinsu ɗaya a kan abu guda: ba ni yake so ba. Na Yaya ma ya fi yi min zafi, don ita tana ganin taimakona take.

Ban ba shi amsa ba. Ya rubuto, "Kin ga saƙona?" Na ce, "Na gani." Ya ce, "To." Shi ke nan. Mutumin nan da "To" zai kashe ni.

Ana cikin haka ƙafar ta faru. Da safe Jaruma tana bin ƙwallo a tsakar gida, na ga tana wani irin karkacewa. Na kamo ta na cire takalmin. Idon sawun ya kumbura ya yi sumul, da zafi rau kamar an ɗauko daga wuta. Na danna, ta ƙyalƙyale da dariya, wai ina mata cakulkuli.

Mama ta leƙo ta ce, "Targaɗe ne. Shafa mata man zafi. Da karaya ce ai ba za ta taka ba."

Na ɗauki hoto na tura masa. Ko ajiye wayar ban yi ba ya kira.

"Ɗauke ta. Kar ta sake taka ƙasa. Ku tafi asibiti yanzu, ina zuwa."

Aka yi hoton ƙashi. Likitar yara ta ɗaga shi a jikin fitila, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce ƙashi ya karye, kuma ba yau ba ne, an kwana biyu ana tafiya a kansa. Ga ƙuna a hannu, ga tabo a goshi, ga harshe. Ta rage murya ta ce, "Wa yake dukan yarinyar nan a gida?"

'Yan uwa, ni da ko tsawa ba na son yi mata. Hawaye kawai. Da Dakta bai shigo a lokacin ba, ban san inda maganar za ta tsaya ba. Ya ja likitar gefe suka yi ta magana da yarensu na masu karatu, na ga fuskarta tana saukowa. Ta dawo ta dafa ni ta ce in yi haƙuri.

Ana sa simintin, muna zaune a bencin waje ni da Mama. Dakta ya zo ya durƙusa a gabanta, a ƙasan asibitin nan, bai damu da wandonsa ba.

"Mama, in ba za ki damu ba, ina son in tambaye ki game da marigayi. Yana jin wari?"

Mama ta ɗan yi murmushi ba ta shirya ba. "Ƙarfe? Ina. In abu ya mutu a kwata shi ake kira, ya ɗauko da hannu yana waƙa. Abinci ya lalace sai an ƙwace a hannunsa."

"Me ya yi ajalinsa?"

"Zazzaɓi. Cikinsa ya kumbura. Muna tambayarsa ina ke ciwo, ya ce babu. Da muka kai shi suka ce wani abu ya fashe a cikin tun kwanaki." Muryarta ta fara canzawa. "Ni nake ce masa, kai namiji ne, kai ba ka raki."

Mama ta kalli Dakta, ta kalli ƙofar ɗakin da Jaruma take, sai ta miƙe ta gyara mayafi ta fita. Ita kaɗai ta koma gida.

Da muka dawo ta ce, "Kar ya sake tako min gida. Ɗana juriya ce da shi, ba cuta ba. Ba wanda zai zo da tabarau ya canza min shi."

Amma washegari na fito daga wanka na same ta ta ɗora Jaruma a cinya, tana buɗa yatsun ƙafarta mai lafiya ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Ta ce, "Buɗe baki in gani." Da ta ji motsina sai ta ce wai farce take duba mata. Na wuce ɗakina.

Na ga in ban tambayi Dakta ba zan haukace. Na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda na ɗinka ban taɓa sawa ba, da baƙin mayafi, na rufe shago da rana tsaka na shiga jami'a. Mai gadi ya yi min kwatance har hawa na sama.

Ɗakin sanyi ƙalau, fitilu farare, manyan firji suna ta gurnani a jere. Kwalabe ƙanana ko'ina. Ta gilashi na hango ɓerayen, farare tas, kowanne a akwatinsa kamar 'yan haya. Dakta yana zaune da wani siririn abu kamar gashin doki a hannu, wai da shi suke taɓa tafin ƙafar ɓera su ga yaushe zai janye. Da ya gan ni ya miƙe har kujera ta faɗi.

Ya kai ni ɗan ofishinsa. Takardu har ƙasa. A kan tebur akwai hoton wata dattijuwa ta naɗe rabin fuskarta da gyale.

Ban zauna ba. Na ce, "Dakta, tambaya ɗaya na zo da ita. Ni kake so ko jinin 'yata?"

Na so ya ce haba, wace irin magana ce wannan. Na so ya rantse. Sai ya cire tabarau ya goge ya ce, "Duka biyun."

Na ji kamar an watsa min ruwan firjin nan.

Ya nuna hoton. "Mahaifiyata ce. Jijiyar fuskarta ce ta lalace. Ita tata ƙofar a buɗe take, ta ƙi rufuwa. Iska in ta taɓa kuncinta sai ta ji kamar an jona mata wuta. Ba ta kunna fanka, ba ta buɗe taga, rabonta da fita an yi shekaru. Magungunan da ake da su, ko su bugar da ita ta yini tana barci, ko jiki ya saba ya nemi ƙari. Tun ina ɗalibi abu ɗaya nake nema, maganin da zai rufe ƙofar nan kawai ya bar sauran mutum lafiya. A ɓera muke ta gwadawa. Mutumin da aka haifa ƙofarsa a rufe, a takarda kawai nake karanta shi. Sai na gan ta a shagonki tana min dariya."

"Ka yi murna. Na gani."

"Na yi. Na kuma ji kunyar kaina."

Sai ya faɗa min abin da ban sani ba. Wai a aikinsu akwai doka, akwai kwamitin da ke tsare ta. Mai bincike ba ya yin aiki a kan iyalinsa ko wadda yake nema, don kar uwa ta ce to saboda kunya ko so, kuma kar shi ya ga abin da ransa yake so ya gani. In shi zai ɗebi jinin Jaruma ya yi aikin, to maganar aure ta mutu. In aure ne, sai ya miƙa komai ga wata Farfesa a ɗaya ɓangaren, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan wannan binciken. Sunansa ba zai fito ba. Ko sakamakon ba zai leƙa ba sai kowa ya gani.

Na ce, "To ka zaɓa mana."

Ya yi shiru. Firji suna ta gurnani. Ina jira, ina jira. Wannan shirun ya fi min maganar Mama ciwo.

Daga ƙarshe ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya in ce da sauƙi ba."

Na ce, "Ji nan. Jinin zan bayar ko da aure ko babu. Likita ta ce zai nuna musu takamaiman abin da ke damunta, su san yadda za su kula da ita. In kuma zai taimaki irin mahaifiyarka, ban isa in hana ba. Ba ciniki na zo yi da 'yata ba. Ranar Asabar a zo gida a ɗiba. In kai ne ka ɗiba, na ji amsata, ba sai ka ce komai ba."

A gefen ƙofa akwai wani shuɗin akwati mai marfi fari, irin na ƙanƙara. Ya ce a ciki ake ɗauko jini. Na kalle shi da kyau don in gane shi.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Ba kira, ba saƙo. In buɗe waya in ga yana kai, in ga alamar yana rubutu, sai ta ɗauke. Ta dawo, ta ɗauke. Na ƙona wa wani malami aljihun riga, abin da ban taɓa yi ba. Abinci ya koma min kamar takarda.

Akwai ledarsa ɗaya da ya bari tun kafin rigimar. Na zazzage zan jiƙa, na duba wuyan riga kamar yadda nake wa kowace, don a nan datti yake taruwa. Fes. Na duba hannu, fes. Na shinshina, ƙamshin turaren shagona ne. Sai na tsaya da rigar a hannu. Na tuna tun farko rigunan mutumin nan ba su taɓa ba ni wahala ba, ruwan wankinsu ko launi ba ya canzawa. Wato wankakkun kaya yake kwasowa ya dawo min da su, tun kafin ya san da wata Jaruma?

Da gudu na kai wa Yaya. Ta taɓe baki ta ce, "Ƙila mai tsabta ne kawai." Ta kashe min ɗan abin da na samu. Na koma ban san wanne zan kama ba.

Asabar ta zo. Yaya ta tilasta min na sa rigata mai ruwan zuma, ta ɗaura min ɗankwali, wai ko kuka zan yi in yi shi da kyau. Mama tana falo da carbi, ta ce ita ba ruwanta, amma tun hantsi ba ta bar kujerar da ke kallon ƙofa ba. Jaruma tana ƙasa tana yi wa simintinta zane da biro.

Bayan la'asar muka ji tsayuwar mota. Na ɗaga gefen labule.

Ya fito. Shuɗin akwatin yana hannunsa.

Na riƙe ƙarfen taga. Yaya a bayana ta ce a hankali, "Ɗan banza." Ita da ta ce in karɓe shi ko ta yaya.

Sai ƙofar baya ta buɗe. Wata 'yar dattijuwa gajeriya ta fito, takalminta shimfiɗaɗɗe, jaka a kafaɗa, fuska ba wasa. Ya zagayo ya miƙa mata akwatin. Ta kama. Ina kallo da idona, bai saki nan da nan ba. Sai da ta ɗan ja, ta ɗago ta harare shi, sannan yatsunsa suka buɗe.

Ta nufo gida. Shi ya tsaya a bakin ƙofar waje, tunda an ce kar ya tako. Sabuwar kwat ce a jikinsa, duk layin ninkin kanti a kanta. Hannuwansa babu komai, ya rasa inda zai sa su, ya sa a aljihu ya fitar, ya haɗa a baya. Ina kuka ina cewa a raina, ko guga bai yi ba.

Farfesa ta yi sallama ta zauna, ta yi min bayani dalla-dalla, ta ce ina da damar cewa a'a ko yanzu ko gaba. Na ce na yarda. Ta ɗaure hannun Jaruma ta soka allura, Jaruma tana tambayarta ko tana da ɓera a jaka. Tana rufe kwalbar ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Mutumin can ya kawo min aikin da muka yi shekaru muna faɗa a kai, ya ajiye min a tebur. Me kika ba shi?"

Na ce, "Wanki kawai nake masa."

Ta ce, "Lallai kin iya wanki."

Tana shirin rufe akwatin sai Mama ta ajiye carbi. Ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu, ta miƙa.

"Nawa fa? Ɗana a jikina ya samo."

Farfesa ta kalle ta, ta sake buɗe akwatin, ta fara mata bayani daga farko kamar yadda ta yi min. Da allurar ta shiga Mama ta runtse ido ta ce, "Wash." Jaruma ta yi mata dariya, wai Kaka raguwa ce.

Bayan Farfesa ta fita, Mama tana danne da auduga ta ce, "Ke, ce wa Mai Ɓeraye ya shigo, rana tana dukansa."

Ya shigo ya durƙusa. Ta kalle shi tun daga kai har takalmin nan nasa guda ɗaya, ta juyo gare ni. "Haka za ki bar shi yana yawo kamar an zaro shi daga leda? Karɓi kwat ɗin ki jona dutse." Sannan ta ce masa, "Kai kuma zauna. Za ka faɗa min abin da ya sami ɗana, daga farko, kar ka rage min komai."

Ta kore mu ta rufe ƙofa. Na goge kwat ɗin nan gaba da baya har na rasa inda zan goga, kunnena yana falo. Ba na jin kalmomi. Sai can na ji kukan Mama, wanda ko ranar da aka fita da gawar Ƙarfe ban ji shi ba.

Da ya fito idonsa ja. Ya karɓi kwat ya sa, ya tsaya yana kallon maɓalli.

Na ce, "Dakta, rigunan da kake kawo min, masu datti ne?"

Ya ce, "Wasu."

"Me Mama ta ce?"

"Ta ce ba ta magana da yaro a kan aure. In zo mata da mahaifiyata."

Matar da ko taga ba ta buɗewa. Na ce, to ai Mama ta san ba za ta iya ba, wata hanyar korar ce kawai. Ya ce shi ma haka ya ɗauka. Ya tafi jiki a sanyaye, ni ma na kwana da abin.

Ɗazu da safe saƙo ya shigo:

"Na faɗa mata. Ta ce a nemo mata gyale mai kauri. Gobe za ta zo, wai tana son ta ga yarinyar da idonta."

Shi ne fa kuka gan ni haka. Tun safe muke aiki. Yaya ta bi tagogin falo tana cusa tsumma a duk inda iska ke shigowa. Na cire labulen ƙofa mai kaɗawa na sa mai nauyi. Ban san me zan sa ba, ban san me zan ce mata ba, ni da na raba ɗanta da aikin da ya fara saboda ita. Ko za ta kalle ni ta ga matar ɗa, ko ta ga wadda ta tsaya tsakaninta da magani, Allah kaɗai ya sani.

Mama da kanta ta tashi ta kashe fanka, ta ce mu fara sabawa tun yau. Ga mu nan zaune muna ta gumi.